Halal, haram da al'ada a kiwo da cin naman dabbobi: jagora ga mai kiwo

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san irin wannan safiya. Ka fito da asuba ka tarar da tunkiya a kwance, ciki ya kumbura, numfashi sama-sama. Abin da zai fara zuwa ranka shi ne a miƙo wuƙa kafin ta zama mushe. A cikin ɗan lokacin nan tambayoyi uku ne a gabanka: yankan zai halatta ta? Naman ba zai cutar da iyalinka ba? Kuma ya halatta ka sayar wa mahauci ba tare da ka faɗa masa abin da ya same ta ba?

Wannan bayani ya tattaro hukunce-hukunce da al'adun da suka shafi kiwo, yanka, layya, zakka da ciniki, tare da abin da lafiyar dabbobi ta ce a kan kowanne. Hukuncin addinin da aka kawo na mazhabar Malikiyya ne, wadda aka fi karantawa a ƙasar Hausa a littattafai irin su Risala da Muhtasar na Halil. Inda wasu mazhabobi suka saɓa a kan abin da ya shafi aljihunka, an nuna. Aikin malamin gona shi ne ya faɗa maka abin da ya shafi dabba da nama. Fatawa a kan matsalarka ta musamman kuwa, wannan sai malamin garinku.

Abin da ake ci da wanda ba a ci

Raƙumi, saniya, tunkiya da akuya halal ne idan an yanka su yadda shari'a ta tanada. Haka kaza, zabo, agwagwa, tattabara, talotalo da zomo. Kifi ba ya buƙatar yanka, ko da a mace aka same shi, sai dai kifin da ya taso a mace a tafki saboda guba ko ruɓewar ruwa ba abin kai wa baki ba ne.

Aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta lissafa abubuwan da aka haramta: mushe, jini, naman alade, abin da aka yanka don wanin Allah, da dabbar da ta mutu ta hanyar shaƙewa, duka, faɗowa daga bisa, tunkuyi ko farmakin naman daji, sai fa wadda aka riska da rai aka yanka. Ka lura da shaƙewa, domin ita ce ta fi cin awaki a gidajenmu. Akuyar da aka ɗaure da zarge a wuya kusa da katanga ko rami, tsalle ɗaya ya isa ya mayar da ita mushe. Ka yi ƙullin da ba ya zamewa, ko ka ɗaure a ƙafa kana sauya ƙafar.

Jaki da alfadari ba a cin su. Doki ma haramun ne a zancen da ya fi shahara a Malikiyya, ko da yake Shafi'iyya da Hanbaliyya sun halatta shi. Namun daji masu farauta da fiƙa, irin su zaki da damisa, makaruhi ne a Malikiyya, haramun a wajen mafi yawan sauran malamai. Abin da aka yanke daga jikin dabba tana da rai, kamar jela ko kunne, hukuncinsa na mushe ne.

Fara halal ce, amma a Malikiyya sai an kashe ta da niyya, misali a zuba ta a tafasasshen ruwa da bisimilla. Abin da zan ƙara maka a nan: kada ka tsinci fara a gonar da aka yi wa feshi. Gubar ba ta fita da suya. Haka masu ƙona daji don kama gafiya da ɓera su sani cewa zazzaɓin Lassa daga ɓera yake yaɗuwa, ta fitsarinsa da kashinsa da jininsa.

Haƙƙin dabba a kan mai ita

Ranar da ka ɗaure dabba a turke, ci da shanta sun hau wuyanka, tunda ka hana ta nema da kanta. Hadisi ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. Malaman fiƙihu sun ce wanda ya kasa ciyar da dabbarsa ana tilasta masa ya sayar, ko ya yanka idan irin wadda ake ci ce.

A aikace, ga abin da wannan ke nufi:

- Ruwa mai tsabta kullum, da inuwa, musamman a watannin bazara.
- Kada a ɗora wa jaki ko takarkari kayan da ya fi ƙarfinsa, kada a sa mai gyambo a baya aiki.
- Shanun huɗa su yi aikinsu da sanyin safiya, a sauke musu karkiya kafin rana ta take.
- Kada a tatse saniya ƙarƙaf a bar maraƙi da yunwa. Nonon farko, wato dakashi, haƙƙin jariri ne, shi ne rigakafinsa na farko.
- An hana duka a fuska da yin lalas a fuska. Idan za ka yi shaida da wuta, ka yi ta ƙarama a can ƙasan cinya, domin lalas a haƙarƙari yana karya kuɗin fata.
- Dandaƙar rago da bunsuru don su yi ƙiba ta halatta. A yi ta tun suna ƙanana, kuma gwani ya yi.

Kare ya halatta a ajiye shi don tsaron garke, tsaron gona ko farauta. Idan ka ajiye shi, allurar haukan kare ta zama dole a kanka, don cutar nan idan alamunta suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na kimanin minti 15, ya wuce asibiti a ranar.

Yadda ake yanka

Sharuɗɗan yanka a Malikiyya ba su da yawa, amma ba a sakaci da ko ɗaya:

1. Mai yankan ya zama mai hankali, Musulmi ko Ahlul Kitabi. Yankan mace ya inganta, haka na yaro mai wayo da ya iya. Saboda haka, uwargida, idan kazarki na shure-shure kuma babu namiji a gida, ki yanka abinki.
2. A yi niyya, a ambaci sunan Allah. Wanda ya manta, ana cin yankansa. Wanda ya bari da gangan, ba a ci.
3. A yanke maƙogwaro da manyan jijiyoyin jini biyu na gefen wuya, ta gaba ba ta ƙeya ba.
4. Kada a ɗauke hannu a daɗe sannan a dawo a ƙarasa.

Ana so a fuskantar da dabba alƙibla, a kwantar da ita a gefen hagu cikin sauƙi. Raƙumi soke shi ake yi a gindin wuya. A wasa wuƙa tun kafin a kawo dabba, ba a gabanta ba, kuma kada a yanka wata a kan idon 'yar'uwarta. Kada a fara fiɗa ko a karya wuya sai rai ya gama fita, kada kuma a jefa kaza a ruwan zafi tana motsi.

Waɗannan ladubba suna da riba ko a wajen nama. Dabbar da aka koro, aka doka, aka yanka a firgice, namanta yakan yi duhu ya yi saurin lalacewa. Ka bar ta ta huta, ka ba ta ruwa, ka janye abinci kamar awa 12 kafin yanka don tumbi ya ragu, fiɗa ta yi tsabta. A rataye nama, kada a fede shi a ƙasa inda ƙuda da kashin dabba suke.

Idan an yanka uwa aka sami ɗa a ciki a mace, ana cin sa a Malikiyya in halittarsa ta cika kuma gashi ya fito. Amma halacci daban, dabara daban. Tunkiya da akuya wata biyar suke ɗaukar ciki, saniya wata tara. Yanka mai ciki asarar kai biyu ce ko uku. Ka sa a duba kafin ka sayar wa mahauci.

Dabbar da ta kusa mutuwa

To, mu koma ga tunkiyar da muka fara da ita. Ta fuskar fiƙihu, dabba mara lafiya tana halatta da yanka muddin akwai rai a jikinta lokacin da wuƙa ta hau, kuma alamarsa ita ce motsi mai ƙarfi ko tsartuwar jini. Amma wadda mota ta buge, ko sa ya tunkuya, ko kura ta kama, har aka taɓa makasarta, wato lakar ƙashin baya ta tsinke, ko ƙwaƙwalwa ta fito, ko hanji ya huje ko ya zubo, yanka ba ya halatta ta a Malikiyya ko da tana numfashi.

Ta fuskar lafiya kuwa, yanka ba ya kashe ƙwayar cuta, kuma addini bai yarda ka cutar da kanka ko waninka ba. Ka bambance gida biyu:

- Hatsari: karaya, wahalar haihuwa, kumburin ciki bayan ta ɓarke buhun hatsi, ko ledar da ta toshe tumbi. Irin wannan a yanka da wuri, a duba naman, a ci.
- Cuta: zazzaɓi, jini daga hanci ko dubura, dabbobi da yawa sun kwanta lokaci ɗaya, ko alamar ta ci guba. Irin wannan a ajiye wuƙa a kira ma'aikacin dabbobi.

Mafi haɗari ita ce cutar saifa. Dabba tana lafiya jiya, yau ta faɗi. Baƙin jini mara daskarewa yana fita ta hanci da baki da dubura, gawar ta kumbura da wuri kuma ba ta sandarewa yadda aka saba. Kada ka fede ta, kada ka cire fatar. Da zarar iska ta shiga, ƙwayar cutar takan yi ɓawo ta zauna a ƙasa shekaru masu yawa, ta kama dabbobin da za su yi kiwo a wurin. Mutum yana kamuwa ta fiɗa, ta ɗaukar fata, ko ta cin naman. A ƙone gawar ƙurmus, ko a binne ta a rami mai zurfin kamar mita biyu nesa da rijiya, a kange wurin. A watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullar cutar a wata gona a Suleja ta jihar Neja, saboda haka ba labarin da ba ne. Akwai allurar rigakafinta, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom tana cikin masu yin ta.

Haka kaji. Idan suka fara zubewa da yawa a kwana ɗaya ko biyu, kada a bi su da wuƙa ana fige su ana rabawa maƙwabta, kada kuma a kwashe sauran a kai kasuwa. Murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Najeriya a 2006 a jihar Kaduna, tana iya kama mutum.

Ko lafiyayyar dabba ka yanka, ka duba kayan ciki. Huhu mai ƙulle-ƙulle masu kama da cuku alamar tarin fuka ne, kada a ci sai ma'aikaci ya gani. Hanta mai tauri da tsutsa a ciki a zubar. Kada a jefa wa kare gurɓataccen kayan ciki, domin ta nan wasu tsutsotsi ke komawa garke. Madara kuma a tafasa kafin a sha ko a yi kindirmo, saboda tarin fuka da bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari. Ɓarin dabba da mahaifarsa a sa leda a hannu kafin a taɓa, a binne.

Allura da kwanakin jira

Kowane maganin dabba yana da kwanakin da za a jira kafin a ci nama, madara ko ƙwai, kuma a rubuce suke a jikin kwalba. Allurar nan mai dogon aiki da aka fi yi wa shanu da tumaki takan buƙaci mako uku zuwa huɗu ko fiye kafin yanka. Abin da ke kan kwalbarka shi za ka bi. Yi wa sa allura yau, a ga bai tashi ba a kai shi mayanka gobe, zuba magani ne a tukunyar mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar allura da sunan magani.

Layya da ragon suna

Ga mai kiwon turka, sanin sharuɗɗan layya sanin kasuwa ne. Mafi ƙarancin shekaru a Malikiyya:

- Rago ko tunkiya: shekara ɗaya, akwai kuma zancen wata 8 ko 10.
- Akuya ko bunsuru: ta cika shekara ta shiga ta biyu.
- Sa ko saniya: ya cika uku ya shiga ta huɗu.
- Raƙumi: ya cika biyar ya shiga ta shida.

Baki ne ke faɗin shekaru. Rago yana da haƙoran gaba takwas a muƙamuƙin ƙasa. Tsakanin shekara ɗaya da ɗaya da rabi yakan yi famfarar biyun tsakiya, manya su fito, to mai manyan haƙora biyu ya haura shekara. A sa kuwa, manya shida sun fi ba ka tabbacin ya cika uku.

Ba a layya da mai ido ɗaya, da mai ciwo bayyananne, da gurguwar da ba ta iya bin garke, da ramammiyar da ba ta da kitse. Haka wadda aka yanke ko aka tsaga fiye da sulusin kunnenta, da mai guntuwar jela da sulusi ya tafi, da mai karyayyen ƙaho da bai warke ba. Ka ga ke nan saran kunne mai zurfi da wasu ke yi don shaida yana iya fitar da rago daga kasuwar da ta fi kowace tsada. A yi ƙaramin huji ko a sa alamar roba. Dandaƙaƙƙen rago ya isar, ko da yake wanda ba a dandaƙe ba ya fi falala.

A Malikiyya tumaki ne kan gaba a layya, sannan awaki, sannan shanu da raƙuma. Ba a yanka sai liman ya yanka, kwanakin yanka uku ne, kuma da rana ake yi. Ba a sayar da nama ko fata, ba a biyan mahauci ladansa da su, amma ana iya ba shi kyauta.

Ku 'yan ƙungiya, ku lura da wannan. Malikiyya ba ta yarda mutane su haɗa kuɗi su sayi sa ɗaya a matsayin layya ba. Abin da ta yarda shi ne maigida ya sa iyalinsa a cikin lada. Sauran mazhabobi uku sun yarda mutum bakwai su yi tarayya a sa ko raƙumi. Ku tambayi malaminku tun kafin a tara kuɗi. Watanda kuwa, wato a haɗa kuɗi a yanka a raba kashi-kashi don a ci nama, halal ce a kowane lokaci, sai dai ba sunanta layya ba.

Ragon suna ana yanka shi rana ta bakwai, kuma dabba ɗaya ta isa ga namiji ko mace a Malikiyya, da sharuɗɗa irin na layya. Sunna ce ga mai hali. Ba a ce ka sayar da jakin da kake kai taki da shi don ka fita kunya ba.

Idan za ka turke rago don Babbar Sallah, ka ba shi kamar wata uku zuwa huɗu, kuma ka tuna Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Ko Balami ne, ko Uda, ko 'Yankasa, ka keɓe sabon saye mako biyu zuwa uku, ka ba shi maganin tsutsa da rigakafin PPR da wuri don kwanakin jira su ƙare kafin Sallah. Dusa da hatsi a ƙara su sannu a hankali tare da harawa. Raguna da yawa ana saura kwana biyu Sallah suke mutuwa saboda an cika musu hatsi lokaci ɗaya.

Zakkar dabbobi

Zakka tana kan raƙuma, shanu, tumaki da awaki idan sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Tumaki da awaki haɗa su ake yi a ƙirga.

- 40 zuwa 120: dabba ɗaya
- 121 zuwa 200: biyu
- 201 zuwa 399: uku
- Daga 400: ɗaya a kowane ɗari

Shanu 30 zuwa 39, maraƙi mai shekara biyu. 40 zuwa 59, saniya mai shekara uku ta shiga ta huɗu. 60, maruƙa biyu. Daga nan kowane 30 maraƙi, kowane 40 saniya. Raƙuma biyar, tunkiya ɗaya, haka a kowane biyar har zuwa 24.

Ana ƙirga 'ya'ya a cikin adadi, amma ba a ba da su. Ba a karɓar zaɓaɓɓiya, ba a ba da guzuma ko mara lafiya, matsakaiciya ake fitarwa. A Malikiyya dabbar da ake ciyarwa a turke da shanun huɗa duk suna shiga lissafi, saɓanin wasu mazhabobi da suka taƙaita ga masu kiwo a daji. Kaji, jakuna da dawaki babu zakka a kansu, amma kuɗin da aka samu a kasuwancinsu yana bin hukuncin zakkar dukiya.

Idan ƙungiya ta haɗa garke, makiyayi ɗaya, mashaya ɗaya, makwanci ɗaya, ana lissafa shi kamar na mutum ɗaya, da sharaɗin kowa ya mallaki nisabi shi kaɗai. Misali, mutum biyu kowa na da tumaki 40, an haɗa sun zama 80: tunkiya ɗaya za su fitar, su raba nauyinta biyu. Mata goma kowace na da awaki 10 kuwa, babu zakka a kan kowace a Malikiyya duk da garken ya kai 100. An hana raba garke ko haɗa shi don kawai a guje wa zakka.

Ciniki, kiwon rabo da ɓarna

Ɓoye aibi ha'inci ne, kuma mai saye yana da damar mayar da dabba. A cikinsa akwai ɗura wa rago ruwan dusa da gishiri don ciki ya tashi, da ƙin tatsar saniya kwana biyu don hantsa ta cika, da zuba wa madara ruwa. Ba a sayar da ɗan da ke ciki, don ba a san ko zai zo da rai ba. Hayar bijimi ko rago don barbara ta halatta a Malikiyya idan an ƙayyade kwanaki ko adadin hawa, ba a kan sharaɗin sai ciki ya shiga ba.

Ba da kiwo don a raba 'ya'ya tsohuwar al'ada ce, kuma da ita mata da marayu da yawa suka fara garke. Fulani suna da haɓɓanaye, inda ake ba mutum aron karsana ya riƙe 'ya'yan da ta haifa sannan ya mayar da uwar. Rigima takan taso ne daga abin da ba a faɗa ba tun farko: wa zai sayi magani, wa ke da madara, haihuwa ta nawa ce ta wa, ina hukunci idan ta mutu ko aka sace. Ku rubuta a gaban shaidu biyu, ku kuma nuna wa malami tsarin, don wasu nau'o'in rabon suna da magana a fiƙihu.

Game da ɓarna, asalin hukunci shi ne abin da dabba ta ɓata da dare mai ita ne zai biya, don tsare ta da dare aikinsa ne. Da rana masu gona ne ke da tsaron gonarsu, amma wanda ya saki dabba a bakin shuka, ko makiyayin da ya yi sakaci, bai kuɓuta ba. Shi ya sa al'adar ɗaure awaki daga saukar damina har a kawar da amfani take da tushe. Kai ma manomi, kada ka nome burtali ko ka toshe hanyar mashaya. Idan ɓarna ta auku, a kira mai unguwa da ardo a ƙiyasta a biya. Sara ko sa wa dabba guba zalunci ne a kan wadda ba ta san iyakar gona ba.

Al'ada: wadda za a riƙe da wadda za a bari

Ba duk abin da aka gada ba ne addini, kuma ba duk al'ada ce abar yarwa ba. Raba naman suna ga dangi da maƙwabta, da ba ungozoma da wanzami rabonsu a matsayin kyauta, da ajiye jelar ragon layya har daren cika-ciki, da ba amarya ko jariri 'yar akuya ta zama jari, duk ba su saɓa wa komai ba. Sai dai naman da za a ajiye a soya shi ko a busar da shi sosai.

Waɗanda ya kamata a bari su ne masu hana mutane abinci. Cewa yaro in ya ci ƙwai zai yi sata ba shi da asali. Ƙwai ɗaya a rana gina jiki ne ga yaro da mai ciki, kuma yana cikin akurkinki. Cewa naman akuya yana jawo kuturta shi ma camfi ne, don ƙwayar cuta ce ke kawo ta kuma ana maganinta a asibiti. Wasu gidaje suna da kan gida tun zamanin maguzanci, wato wata dabba da zuriyar ba ta ci. Wanda ransa bai son wani nama ba a tilasta masa, amma kada a kira halal haram. Yanka don iskoki, ko zubar da jini a gindin tsamiya ko bakin rijiya don neman yabanya, yana cikin abin da aka yanka don wanin Allah, kuma ba a cin sa.

Zama da maƙwabta

A wurare kamar kudancin Kaduna, Filato da Adamawa, ƙungiya ɗaya takan haɗa Musulmi da Kirista. Kiristoci da yawa suna kiwon alade, kuma kasuwar aladu ta Katsit kusa da Kafanchan sananniya ce. Wasu kuma, kamar mabiya cocin Adventist, ba sa cin sa. Musulmi ba ya kiwonsa, ba ya cinikinsa, saboda haka idan asusun ƙungiya ɗaya ne, a ware wannan harka da ribarta tun a tsarin mulkin ƙungiya. A killace aladu, a raba wuƙaƙe da teburan nama. Al'adar da ake yi a garuruwa da yawa ta kiran Musulmi ya yanka dabbar biki don kowa ya ci, al'ada ce mai kyau. Sanin kalandar maƙwabcinka ma ciniki ne: kaji da awaki suna tashi a Kirsimeti, 'yan Katolika kuma suna ƙaurace wa nama a ranakun Juma'a na azuminsu kafin Ista, lokacin da mai kifi ke samun kasuwa.

Kafin ka ɗora wuƙa ko ka ja dabba zuwa kasuwa, ka duba abu uku: yadda ta kwanta, ranar da aka yi mata allura ta ƙarshe, da abin da za ka faɗa wa mai saye. Ka ajiye lambar ma'aikacin dabbobi na yankinku a waya tun dabba tana tsaye da ƙafafunta. Allah ya sa albarka a turke da garke.